Layin Tawa zuwa Ƙonni: yadda littafin ɗan kamasho ya rage wa direbobi gudu

Hanyar da ta tashi daga Tawa ta yi kudu, ta ratsa Badagishiri, ta je ta haɗu da babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 a Tsarnawa, ita ce ke sada Adar da sauran yankunan Nijar. Daga mahaɗar Tsarnawa, wanda ya yi yamma zai shiga Birnin Ƙonni cikin ƴan mintoci, daga nan ya zarce Dogon Dutsi da Doso har Yamai, wanda ya yi gabas kuma zai bi ta Malbaza da Galmi da Madawa ya nufi Maraɗi. Tsakanin Tawa da Ƙonni kimanin kilomita 130 ne, kuma a wannan ɗan tsakanin ake cin karo da manyan bas-bas na kamfanoni, da kamiyon albasa, da tirelolin siminti, da motocin da suka gangaro daga Agadas, da amalanken jakuna, da garken dabbobi ranar kasuwa, duk a kan kwalta guda wadda mai zuwa da mai dawowa ke rabawa. Wannan nazari ya taƙaita ne ga rukuni ɗaya na masu bin hanyar, wato direbobin ƙananan motocin haya ƙirar Hayis na wata tasha a Tawa, da abin da ya gudana a tsakaninsu cikin kusan shekara guda da na yi ina bibiyar lamarinsu.

Abin ya faro ne da hatsari. Wata Hayis da ta fito daga Tawa da hantsi ta yi yunƙurin wuce ƴar'uwarta ta tasha ɗaya a wata gangara, sai ga amalanke ya ɓullo daga gefen gona, direban ya kauce, motar ta bar kwalta ta kifa. An yi asarar rai, wasu kuma sun karairaye. Abin da ya ɗaure wa mutanen tashar kai shi ne wanda ke riƙe da sitiyari ba yaro ba ne. Magidanci ne mai iyali, ya shekara goma sha yana bin wannan hanya, permi ɗinsa da takardun motarsa duk suna kan ƙa'ida, kuma kowa ya shaide shi ba ya shan tramol. Bayanin da aka saba yi duk lokacin da mota ta faɗi, cewa ƙuruciya ce ko ƙwaya ko rashin sanin doka, babu wanda ya dace da shi. An rasa abin faɗi, sai aka koma ga kalmar da take rufe kowace magana a tasha, aka ce ajali ne.

Shugabannin sandikar direbobin sun yi abin da kowa zai fara yi. Sun kira taron faɗakarwa, an shimfiɗa tabarmi, an gayyato wani jami'in tsaron hanya ya karanto dokokin tuƙi, an zagaya da hotunan motocin da suka ragargaje, wani malami kuma ya rufe da nasiha da addu'a. Direbobi sun saurara cikin natsuwa, wasu har da ƙwalla, domin mamatan mutanen da suka sani ne. Na tambayi ƴan kamasho daga baya, suka ce an yi kamar mako biyu ana tafiya a hankali, sannan komai ya koma yadda yake.

Wannan bai kamata ya ba kowa mamaki ba. Masu bitar binciken lafiya na ƙungiyar Cochrane sun taɓa tattara gwaje-gwajen da aka yi kan ƙarin darasin tuƙi ga waɗanda suka riga suka mallaki lasisi, ba su kuwa samu hujjar cewa irin wannan darasi yana rage hatsari ba. Tun a 1981 wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Suwidin, Ola Svenson, ya nuna cewa mafi yawan direbobin da ya tambaya a Amurka da Suwidin suna ganin sun fi matsakaicin direba ƙwarewa, abin da ba zai yiwu a lissafi ba. Direban da aka nuna wa hoton mota a kife yakan ji tausayi na gaskiya, amma a ransa yana ganin wancan sakaci ya yi, shi kuwa ya san hanya kamar tafin hannunsa. Idan aka haɗa wannan da ɗaukar hatsari a matsayin abin da aka riga aka rubuta, tsoro ba ya daɗewa a zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara, kuma nahiyar Afirka ce ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a, amma irin wannan adadi ba ya shiga ƙafar da ke kan totur.

Sauyin tunani ya zo ne daga wani tsohon malamin makaranta mai ritaya, wanda ɗansa ke da mota a layin, kuma ya taɓa aiki da masu wayar da kai kan rigakafi. Shi ne ya ba da shawarar a dakata da wa'azi, a zauna a kalli aikin tukuna. Ya kawo wani tsarin tunani da Susan Michie da abokan aikinta suka wallafa a Ingila a 2011, wanda ke cewa kafin mutum ya aikata wani abu sai abu uku sun haɗu: ya iya, ya samu dama, kuma yana da abin da ke ingiza shi. Taron faɗakarwa ya ɗauka matsalar tana ga na farko, alhali babu direban tashar da bai san gudu na kisa ba. Tambayar da ta rage ita ce me ke biyan direba ladan gudu, kuma me ke cin sa tara idan ya yi a hankali.

Amsar tana cikin littafin ɗan kamasho. Al'adar tashar, a Tawa da kuma can Ƙonni, ita ce motar da ta fara isowa ita ake fara rubutawa a layi, ita ce kuma za ta fara lodin komawa. Idan Hayis biyu suka bar Tawa da tazarar minti goma, ta baya ta wuce ta gaba a hanya, to ta ƙwace mata layi ke nan. A ranar da fasinja ya yi ƙaranci, bambancin layi ɗaya yana iya zama bambanci tsakanin wanda zai dawo gida kafin la'asar da wanda zai kwana a Ƙonni mota ba kowa. Galibin direbobin ba su ne masu motocin ba, akwai kuɗin maigida da aka yanka musu, sai sun cika shi, sun sayi mai, sun biya peyaj da kuɗin tasha, sun sallami yaron mota, sannan abin da ya saura ya zama nasu. Saboda haka duk lokacin da direba ya hango ɗan'uwansa a madubi, abin da yake gani shi ne wanda ke shirin ɗauke masa cefanen gida. Hatsarin da ya tayar da zancen ma a nan ya samo asali, domin motoci biyun layi suke tsere a kai.

A nan lissafi ya yi amfani fiye da hoto. Kilomita 130 a gudun 80 a awa yana cin minti 98, a gudun 100 kuma minti 78, wato ribar duka ba ta wuce minti 20 ba, ko da an ɗauka babu tsayawa ko ɗaya. A gefe guda, motar da ke gudun 100 tana cinye mita 28 a kowace daƙiƙa kafin ƙafar direba ta kai ga birki, kuma tazarar da take buƙata ta tsaya bayan an taka birkin ta fi ta mai gudun 80 da fiye da rabi, domin tazarar birki tana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kan kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu yana ƙara yiwuwar hatsari mai kisa da kashi 4 cikin 100. Da aka baje wannan lissafi gaban direbobin, babu wanda ya musanta, amma wani dattijo a cikinsu ya ce da malamin: “Malam, ba minti ashirin muke kora ba, layi muke kora.” A ganina wannan magana ta fi duk abin da aka faɗa a taron farko amfani.

Sai aka sauya salon zama. Maimakon taron jama'a inda mutum ɗaya ke magana saura na sauraro, aka riƙa zama rukuni-rukuni na mutum bakwai ko takwas bayan sallar isha'i, da shayi, ba jami'i ba mai mota, kowa ya faɗi inda ya fi jin tsoro a hanyar da kuma abin da shi da kansa zai iya bari. Wannan dabara tana da tarihi. A Suwidin an taɓa gwada hanyoyi huɗu a kan direbobin kamfanin sadarwa na ƙasar, wato horo na musamman, da kamfen, da tukuici, da tattaunawar rukuni, kuma sakamakon da Nils Petter Gregersen da abokansa suka fitar a 1996 ya nuna tattaunawar rukuni tana cikin biyun da suka fi rage hatsari. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya san zaman majalisa: abin da mutum ya furta da bakinsa gaban tsararsa ya fi masa nauyi a kan abin da aka umarce shi. A ɗaya daga cikin waɗannan zama ne wani direba, ba malamin ba, ya kawo shawarar a daina rubuta layi da isowa, a koma rubutawa da tashi.

Tsarin da aka amince da shi mai sauƙi ne. Ɗan kamasho a Tawa zai ba kowace mota ƴar takarda mai ɗauke da lambarta a jere da lokacin da ta bar tasha, kuma da wannan lamba za a sa ta a layi a Ƙonni, ko ta iso da wuri ko ta iso a makare, muddin ba lalacewa ta yi ba. Wanda ya iso kafin awa biyu su cika kuwa, za a mayar da shi bayan motar da ke bin sa. Samun amincewar tashar Ƙonni ya ɗauki makonni ana kai da komo, domin su ma suna da nasu ƴan layin da nasu lissafin, har sai da sarkin tashar Tawa ya je da kansa ya zauna da takwaransa. Da aka fara aiki da shi, tseren da ke tsakanin motocin tasha ɗaya ya mutu kusan nan take, saboda wuce ɗan'uwa ya daina kawo ko dala.

Amma ɗan Adam ba ya rasa dabara. Cikin wata guda aka lura wasu matasan direbobi suna sharara gudu kamar da, in sun kusa Tsarnawa sai su faka a inuwa su sha shayi har lokaci ya cika, sannan su shiga Ƙonni kamar salihai. Da aka bincika, sai aka gane cewa a wurinsu gudu ya wuce maganar layi, ya zama suna. A tasha ana kiran wani da mai ƙafa, yaran mota suna alfahari da maigidan da ba a wuce shi, fasinjan da ke saurin kama motar Sakkwato ta iyakar Illela kuma yakan zaɓi motar wanda aka san shi da wuta. An toshe wannan kafa da sa wani amintacce a Badagishiri yana buga alama a takardar tare da rubuta lokaci, kuma aka fara liƙa wani allo a bakin rumfar tasha, ana rubuta lambobin motocin da suka kiyaye lokaci duk mako. An yi muhawara a kan ko a rubuta na masu saɓawa, dattawa suka hana, suka ce tozarta mutum gaban yaransa taurin kai yake haifarwa. Ina ganin sun yi daidai, domin allon ya fara nuna wa matasan cewa masu kiyayewa su ne mafi rinjaye, alhali a da kowa yana zaton kowa gudu yake yi.

Ɓangaren fasinja ya fi wuya, kuma shi ne aka fi ɗora wa fata. Malamin ya ba da labarin abin da aka yi a Kenya, inda James Habyarimana da William Jack na jami'ar Georgetown suka liƙa takardu a cikin ƙananan motocin haya sama da 1,000, masu kiran fasinja da su yi magana idan direba yana ganganci, kuma a sakamakon da suka wallafa a 2011 buƙatun diyya da ake kai wa kamfanonin inshora daga waɗannan motoci suka ragu da kusan rabi ko fiye. Da aka faɗaɗa shirin da sunan Zusha zuwa dubban motoci, raguwar ta sauka zuwa tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu da ɗaya cikin uku, wanda duk da haka riba ce babba ga abin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. An buga irin waɗannan takardu da Hausar boko da ajami, an liƙa a bayan kujeru, aka zuba ido.

Ba su yi aiki ba a farko, kuma dalilan na gida ne. Da yawa daga fasinjan ƙauyuka ba sa karatu, waɗanda ke karantawa kuma kunya ta hana su. Mace ba ta ɗaga murya ga namijin da ba ta sani ba a cikin taro, yaro ba ya gyara wa babba, kuma wanda ya ce a rage gudu yakan sha dariya, a ce masa matsoraci, ko wani ya ce da shi ai kwana ba ya ƙarewa sai ranarsa. Takarda ba ta isa ta ba mutum izinin da al'ada ta hana shi ba. Abin da ya buɗe bakin mutane shi ne da aka mayar da izinin ya fito daga bakin direban kansa. Bayan addu'ar tafiya, kafin a tayar da mota, direba zai juyo ya ce: “Iyayena da ƴan'uwana, in kun ga na yi sauri ku faɗa mini, ba zan ji haushi ba.” Sannan ɗan kamasho yakan zaɓi wani dattijo ko wata hajiya mai shekaru a kujerar gaba ya ce: “Baba, ga ɗanka nan, amanarsa da ta motar tana hannunka.” Tsoho ya ce wa direba ɗana sassauta, wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Adar, kuma direba ba ya jin an ci masa fuska. Da zarar mutum ɗaya ya yi magana, sauran sukan mara masa baya.

Malaman unguwa ma sun sauya yadda suke shigo da addini cikin zancen. Maimakon tsoratarwa da mutuwa, sai suka tsaya kan hadisin da Tirmizi ya ruwaito na mutumin da aka ce masa ya ɗaure raƙumarsa sannan ya yi tawakkali, da ayar Suratul Baƙara da ta hana mutum jefa kansa cikin halaka da hannunsa. Wannan ya ba wanda ke son yin magana amsar da zai mayar wa mai cewa ajali ne, ba tare da an zarge shi da raunin imani ba.

An kuma gwada wata ƙaramar dabara daga aikin wani masanin halayyar ɗan Adam, Peter Gollwitzer, wanda ya nuna cewa niyyar da aka ɗaure da wani yanayi takamaimai, wato in kaza ya faru zan yi kaza, ta fi niyyar baki ɗaya cika. Kowane direba ya zaɓi nasa alkawari guda. Wani ya ce in ya hango rumfunan kasuwar Badagishiri zai sauko giya ta uku, wani ya ce in wayarsa ta yi ƙara yaron mota ne zai ɗauka. Na biyun nan ya bazu da sauri, wataƙila domin ya ƙara wa yaran mota matsayi, kuma ya dace da abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa cewa mai waya yana tuƙi ya fi wanda ba ya yi shiga hatsari da kusan ninki huɗu.

Akwai abubuwan da ba su motsa ba ko kaɗan. Ɗamarar kujera, wadda ke rage haɗarin mutuwa da kusan rabi, ba ta samu shiga ba, domin a yawancin motocin an cire ta ko an ƙara benci inda babu ita, kuma ba a koya wa mutum ɗaura abin da babu. Lodin da ya wuce kima, na mutane da na buhunan da ake ɗaurewa a saman mota, yana nan, saboda shi ma kuɗin maigida ne ke tura shi, masu motoci kuwa sun halarci zama ɗaya ba su sake dawowa ba. Gajiya ma haka, musamman lokacin da ƴan ci-rani ke dawowa gab da damina ko jajibirin sallah, sa'ad da direba ke son yin sawu uku a rana, kuma a nan ne zancen tramol ke sake ɗagowa. Motocin da ba na tasha ba, masu ɗaukar fasinja a bakin hanya, ba su shiga tsarin ba tun farko, kuma direbobin tasha suna ƙorafin cewa su ne ke kwashe masu gaggawa. Waɗannan sun fi ƙarfin sandika, aiki ne na Hukumar Kiyaye Haɗurran Hanya ta ƙasa, ANISER, da jandarmomi, da masu binciken lafiyar mota.

Abin da aka auna a wannan gwaji shi ne lokacin tafiya, ba yawan hatsari ba, kuma da gangan aka yi haka. Hatsari mai kisa a layi ɗaya abu ne da ke zuwa jefi-jefi, shekara na iya wucewa lafiya ko da ba a gyara komai ba, don haka wanda ya ce ya rage mutuwa bisa lissafin ƴan watanni yaudarar kansa yake yi. Lokaci kuwa ana rubuta shi kullum, mota bayan mota, kuma dangantakarsa da hatsari sananniya ce. Wanda ya buɗe littafin ɗan kamasho na watannin farko ya kwatanta da na baya zai ga motocin da ke isa ƙasa da awa biyu sun zama ƴan tsiraru, zai kuma ga sunayen da ke maimaituwa a cikinsu ba su da yawa.

Lokacin da na koma tashar a ƙarshen damina, na tarar amintaccen Badagishiri ya bar aikin saboda ƴan kuɗin da ake ba shi daga asusun tasha sun daina zuwa a kan kari, kuma takardun da aka liƙa a kujeru rana da ƙura sun cinye su. Rubuta layi da lokacin tashi yana nan daram, domin direbobin da kansu ne ke tsaron sa, kowa yana ganin kariyar cefanensa a ciki. Sanarwar da direba ke yi kafin tashi ta ragu, wasu na yi wasu sun bari, amma fasinjan da suka saba bin layin sun riƙe al'adar, har na ji wata hajiya a kujerar gaba ta riga direban magana tun kafin a rufe ƙofa. Sarkin tasha ya ce mini a zaman sandika mai zuwa za a kawo maganar cire dala biyar daga kuɗin kowane lodi don a mayar da mai buga alama a Badagishiri, kuma yana so a sake gayyatar masu motoci, wannan karon ta hannun limamin unguwarsu.